Shirun da Na Yi Maka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta.

Zuwa gare ka, Mai Sunan Malam.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da kyau. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka ka sauka Riruwai lafiya, ya raba ku da sharrin ƙarfe, ya tsallakar da ku dajin Falgore ba tare da kun ga abin ƙi ba. Na cusa ta cikin sallayarka don na san duk inda ka sauka ita za ka fara warwarewa. Ka yi haƙuri da rubutun. Hannuna da ajami ya saba, bokon nan da girmana na koye shi a makarantar matan aure, shi ya sa layin yake hawa yana gangarowa.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yanzu ka baro shi. Magana ce da na yi shekaru ina taunawa. Duk ran da na yi niyyar faɗa maka sai harshena ya yi nauyi, in ɓige da cewa, "An ci abinci kuwa?" To yanzu za ka yi nisa. Ka tafi gyaran injinan jan ruwa a wurin masu haƙar kuza, inda na ji an ce maza kan fito daga rami da gajiyar da wasunsu ba sa iya sauke ta sai da ƙwaya, kai kuma shekararka biyu ke nan cif da rabuwa da ita. Ba zan yarda ta sake ɗauke ka ina zaune a ɗaki ina kunya ba. Don haka zan faɗa maka wuraren da na yi kuskure, ba don ka tausaya mini ba, sai don kada ka taka inda na taka.

Ka san kai ne ɗan farina, kuma sunan Malam mahaifin babanku aka sa maka, kunya biyu ke nan a kaina. Ana yaye ka Inna mahaifiyata ta ɗauke ka zuwa Kiru, ka tashi cikin ƙannena, shi ya sa har yau Yaya kake ce mini kamar yadda suke faɗa. Haka aka yi wa kowa a lokacin, ban ga laifin kowa ba. In ka zo Bebeji ba na zama inda kake zaune, ba na kallon fuskarka, in na zuba maka tuwo sai in ba wani ya miƙa maka. Mata suna cewa Hajara akwai kunya, ni kuma ina jin daɗin yabon, ba zan ɓoye ba. Ba wadda ta san nakan ɗaga labule kaɗan in ka ba da baya, in ga ko ka ƙara tsawo.

Sai ranar da ka ɗauko ƙanenka Nasiru a babur daga kasuwar Kwanar Ɗangora mota ta kwashe ku. Shi Allah ya karɓi abinsa nan take, kai aka kawo ka da karyayyar cinya aka kwantar a ɗakin zaure. Kwana bakwai ana zaman makoki, mata na shiga suna fita, ina kukan Nasiru a fili, don shi ba ɗan fari ba ne, ba mai ganin baikena. Kai kuwa ban taka ɗakin da kake ba ko sau ɗaya. Ina jin ƙararka lokacin da mai ɗori yake jan ƙafar, na cusa mayafi a baki, amma ban fito ba. Sai dai in tare ƙanwarka Saude in ce, "Yaya mai jikin?" ta ce da sauƙi, shi ke nan. A raina ina cewa ai ya sani. Me ka sani? Yaro ɗan shekara ashirin, yana kwance, ƙanensa ya mutu a bayansa, uwarsa na can tana kukan wancan, shi ko leƙo shi ba ta yi ba. Abin da ka fahimta daga shirun nan daban ne, kuma sai bayan shekara huɗu na ji shi.

Abin da zan ce maka a nan shi ne, kada ka ƙara yi wa shirun mutum fassara kai kaɗai. In ka ga maigidanka a wurin aiki ya ɗauke maka kai, ko aboki ya canja fuska, ka tambaya. Zuciyar da ke ciwo mugun tafinta ce, kullum abin da ya fi muni take karanto maka. Kai ma kuma kada ka yi wa mutane irin shiruna kana cewa ai sun sani. Ba su sani ba.

Kuskure na biyu da hannuna na yi shi, kuma ban taɓa gaya wa ko babanku ba sai bana. Lokacin da zafin cinyar ya hana ka sakat, maƙwabciyarmu Goggo Laraba ta ce akwai wani magani a kemis, tiramol, ko ƙashi ne ya farfashe ana sha an samu sauƙi. Ni na aika aka sayo. Ba likita, ba tambaya. Ni nake ɗora shi a gefen faifan da na rufe kununka da shi, ina jin ko ba komai na yi maka wani abu daga nesa. Da ya ƙare na sake aikawa, ya sake ƙarewa na sake. Ƙafa ta warke, ka ajiye sanda, ban tambaya ba ko ka ajiye maganin.

Damina ta zo ka shiga gona kamar wanda aka saka wa inji. Kai kaɗai kake nome abin da mutum uku za su nome, rana ta take ba ka neman inuwa. Babanku yana murna yana cewa, "Yaron nan ya dangana, ya mai da hankali ga aiki." Ni ma na yi hamdala. Ashe ba dangana ba ce, gudu kake yi. Daga baya ka gaya wa likita cewa in ka sha ne kawai ƙarar burkin motar nan take daina yi maka amo a kunne. Ciwon cinya aka sayo wa magani, ciwon zuciya ya karɓe.

Saboda haka ka saurare ni. A can wani zai miƙo maka, kuma ba da fuskar mugu zai zo ba. Abokin cin abincinka ne, zai ga ka dafe ƙugu ya ce, "Haba makanike, karɓi rabi mana, wannan ai ba ƙwaya ba ce, maganin gajiya ne." In ka ƙi su yi maka dariya su ce ustazu ya zo rami. Bar su su yi. Ba sai ka tsaya wa'azi ba, ba sai ka ba da tarihinka ba. Ka ce, "Ina da ciwon da ba ya shiri da ita," kamar yadda mai ciwon suga yake ture shayi ba wanda ya ce masa don me. Rabi ma kada ka yarda. Wani zai sha rabi ya tashi ya manta, kai ba haka jikinka yake ba yanzu, kuma ka fi ni sani. In ka ji rauni wajen aiki har aka kai ka asibiti, ka gaya wa mai duba ka gaskiya tun kafin ya rubuta maka komai.

Na uku shi ne rufin asirin da ba na Allah ba. Na fara tsintar ɓawon ƙwayar a aljihunka in Saude ta kwaso wanki, sai in dunƙule in jefa a murhu kada wani ya gani. Na ga jikinka ya canja, na ga kana gyangyaɗi a zaune da hantsi, na ga ka daina zama cin abinci da 'yan'uwanka. Ran da buhun taki ya ɓace a ɗakin ajiya, na san inda ya tafi. Babanku ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Hajara, wa ya shiga ɗakin nan?" Ni da nake karantar da 'yan mata cewa ƙarya haramun ce ko da wasa, na buɗe baki na ce na ba ƙanena aro. Na kira abin sutura. Na ce ɗana ne, ba zan tona masa asiri ba. Gaskiyar ita ce kaina nake rufa wa asiri, kada a ce ɗan malama ɗan ƙwaya ne. Duk ɓawon da na ƙona, wata guda na ƙara wa ciwonka.

Don haka kada ka ji haushi in na gaya maka cewa kawunka Sale, wanda za ka zauna a gidansa, ya san komai. Ni na kira shi na faɗa masa tun daga farko har ƙarshe, har da abin da na yi. Ban ce ya yi gadinka ba, ba ɓarawo ba ne kai. Cewa na yi in ya ga ka fara janye jiki daga mutane, ko ka kwana biyu ba ka fito jam'i ba, kada ya yi maka kara, ya zauna ya tambaye ka. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ni da muka ci tuwo a kwano ɗaya da shi, in ya ɓoye mini sai in zaune shi kamar da." Mutumin da zai faɗa maka abin da ba ka so ka ji, riƙe shi da hannu biyu. Wanda zai ce bari in rufa maka, ko ni ce, ka guje shi.

Na huɗu ya fi kowanne yi mini nauyi. Ranar da ka faɗi a gonar masara kana jijjiga, kumfa na fita a bakinka, mutane suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Na san abin da nake ƙonawa a murhu, amma na fi son a ce aljani ne, don aljani ba abin kunya ba ne. Na ɗauko allona na yi ta rubutu ina wankewa ana ba ka. Ba na nadamar rubutun, maganar Allah waraka ce. Nadamata ita ce na fake da shi don kada in faɗi gaskiya. Da abin ya ƙi, aka ba mu labarin wani gida da ake kai kangararru, aka ce in an sa mutum a mari ya ji jiki zai dawo hayyacinsa. Ni ce na ce wa babanku a kai ka. Na ɗauka rashin tsoron Allah ne ke damunka, in ka wahala za ka tuba.

Wata huɗu ka yi. Inna ce ta matsa sai an kai ta ta gan ka, da tsufanta da ciwon gwiwarta. Da ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a ƙofar ɗakina.

"Ke Hajara, fito. Mijin nawa kuka ɗaure kamar ragon layya?"

Na ce, "Inna, gyara ake yi masa."

"Gyaran me? Kin ga idon sawunsa? Na ce angona me kake so in kawo maka, ya ce Inna ki roƙa mini Allah ya ɗauki raina in huta. Wannan ne gyaran?"

Na sunkuyar da kai na ce ai kin san ba na iya shiga maganarsa, ɗan fari ne.

Ta ce, "Ni na koya miki kunyar nan, amma ban ce ki yi ta har a kai shi kabari ba. Gobe a kwanto mini shi, ko in je in zauna a ƙofar gidan har sai an ba ni."

Tabon da ke idon sawunka, wanda kake sa safa kana rufewa ko ana zafi, ni na ja maka shi. Ka yafe mini. Kuma ka riƙe wannan: ciwon nan ba alamar Allah ya juya maka baya ba ce. Na ga kana salla kana kuka a lokacin da ka fi nutsewa a ciki. In wani a can ya ga kana shan maganin asibiti ya ce rashin tawakkali ne, ka ce masa uwarka ta sauke Alƙur'ani, ta gwada addu'a ba magani ta ga iyakarta, kuma ba addu'ar ce ta gaza ba, ita ce ta ƙi yin abin da aka umarce ta na neman magani. Ka yi sallarka, ka yi azkar ɗinka, ka sha maganinka. Ba sa faɗa da juna.

Inna ce dai ta sa aka kai ka asibitin ƙwaƙwalwa a Kano, wanda a garinmu ake kira asibitin mahaukata. Ka tuna ranar? Babanku ya tsaya biyan mai mota, kai kana kan benci ba ka iya ɗaga kai, ni aka tura wajen yankar kati. Malamin katin ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Sunan mara lafiya?"

Na waiga hagu, na waiga dama, ba Saude, ba kowa. Na ce, "Mai Sunan Malam."

"Wane malamin? Malamai ai sun yi yawa a Kano, Mama."

Matar da ke bayana ta ce, "Ɗan fari ne, bawan Allah, ba ka gani?"

Ya ajiye biro ya ce, "Allah sarki. To Mama, kati bai san kunya ba, ga layi kuma ya yi tsawo. Ko a kunne ne ki faɗa mini, ba zan gaya wa kowa ba."

Mutane suka yi dariya, ni ma sai da na murmusa duk da halin da nake ciki. Na ce, "Idrisu." Shekara ashirin da huɗu ban taɓa furta shi ba. Sama ba ta faɗo ba, ƙasa ba ta tsage ba, ya rubuta ya miƙo mini ya ce na gaba.

Likitan da ya gan mu bai tambaye ka don me kake sha ba, kamar yadda kowa ke yi. Cewa ya yi, "Yaushe rabonka da barci mai daɗi?" Ka ce tun ran da Nasiru ya rasu. Ya yi ta binka a hankali har ka faɗi abin da ke ranka. Ka ce, "Ni na kashe shi. Yaya ma ta sani. Tun ranar ba ta ƙara kallon fuskata ba."

Ban taɓa kallon fuskarka ba dama, amma kai daga ranar ka fara lura.

Likitan ya juyo gare ni ya ce, "Mama, kin san burtali?" Na ce na sani, ta bayan gonarmu ya bi. Ya ce shanu in sun saba da burtali, ko an shekara ba su bi ba har ciyawa ta rufe shi, ran da aka sake su can za su nufa. Ya ce haka ƙwayar nan ta yi wa kanta hanya a cikin kanka, da baƙin ciki ya taso ƙafa ta kama hanyar tun kafin ka yi shawara. Ya ce ciwo biyu ne a tare, damuwar da ta fara zuwa da sabon da ya biyo ta, in aka yi maganin ɗaya aka bar ɗaya an yi aikin baban giwa. Ya ce mari yana ɗaure ƙafa ne, ba ya shafe burtali. Abin da ke taimako shi ne a buɗe sabuwar hanya a yi ta bi har ta fi tsohuwar faɗi: magani, da magana, da aiki, da mutane. Ya kuma ce ko an samu sauƙi ana iya zamewa, in ya faru a dawo da wuri, ba a fara daga farko ba ne.

Sannan ya ce, "Kin ji abin da ya faɗa. Kin ɗora masa?"

Na dubi bango na ce, "Likita, ka gaya masa ban ɗora masa ba."

Ya ce, "Ga shi nan kusa da ke, Mama."

Na yi, na yi, abin da ya fito kawai shi ne, "Ƙaddara ce." Kowa ya faɗa maka wannan tun ranar jana'iza, ba ita kake jira daga gare ni ba. Na samu dama a gaban shaida na sake ta.

Kada ka yi wasa da ranar komawarka asibiti, ko aiki ya yi yawa, ko injin wane ne ya lalace. Ka nemi izini tun da wuri ka shigo mota. Kada ka ce na ji sauƙi ka yanke maganin da kanka. Kuma ka san lokutanka kamar yadda manomi ya san hadari. Ni dai na lura da kaka abin ya fi taso maka, in an fara karyar masara, don a irin lokacin aka yi hatsarin. In ka ga barci ya fara guje maka, ko abinci ya fita ranka, ko ka ji kana son ka kulle kanka kai kaɗai, to shanun sun juya ke nan. A ranar za ka yi magana, ba sai sun kai bakin burtali ba.

Saura guda ɗaya, ita ce ta sa na ɗauki biro.

Bayan asibiti ka yi wata bakwai lafiya, har ka fara koyon gyaran inji. Sai wata la'asar da kaka ina ɓarzar masara a tsakar gida ka shigo kana tangaɗi, harshenka a karye. Likita ya riga ya gaya mini hakan na iya faruwa, na ji da kunnena. Amma da na gan ka sai komai ya tashi a kaina. Na miƙe na kalle ka tsakiyar ido, karo na farko tun da na haife ka, na ce, "Tafi, na bar wa duniya kai. Ba za ka taɓa gyaruwa ba."

Ka ga irin rabon da ka samu a wurina. Shekaru ina yi maka shiru, ran da na buɗe baki kuma abin da ya fito ke nan.

Kwana tara ba a san inda kake ba. Babanku ya gano ka a tashar Tudun Wada, kana kwance a ƙarƙashin wata rumfa. Shi ya ba ni labarin yadda kuka yi. Ya ce ka tashi ku koma asibiti, ka ce, "Baba, wanda uwarsa ta sallama, wane likita ne zai gyara shi?" Ya ce maka, "Tashi mu tafi, kai ba ka san halin mata ba." Ka bi shi don girmansa, ka koma, ka sake farawa. Ni kuwa da ka dawo me na yi? Dambun zogale na yi maka, wanda kake so, na ba Saude ta kai. Na ce in ya ga dambun zai gane na huce. Ka ji fa, bayan duk abin da ya faru, na sake aika kwano ya yi mini magana.

Shekara biyun nan da ka yi tsaye, da bakina a kanka ka yi su. Kana zuwa gaishe ni ka durƙusa daga bakin ƙofa, kana jin akwai abin da uwarka ta faɗa wanda bai tashi ba. Ina tsoron ranar da za ka gaji a can, wani ya miƙo maka rabi, zuciyarka ta ce ai dama an ce ba za ka gyaru ba. Ba zan bar mata wannan hujjar ba.

Shekaranjiya na tara babanku da Inna na faɗa a gabansu don su zama shaida, yanzu kuma ga shi a rubuce, ka ajiye. Na janye maganar nan, na tuba ga Allah a kanta. Ban bar wa duniya kai ba, ba zan bari ba. Ka gyaru, ina gani da idona. Mutuwar Nasiru ban ɗora maka ba, ban taɓa ɗora maka ba ko na ƙiftawar ido. Ranar da aka shigo da ku biyu, ɗaya a rufe ɗaya yana numfashi, na yi sujada na gode wa Allah da ya bar mini kai, a bayan ƙyaure na yi ta inda ba mai gani. Na yafe maka taki, na yafe maka duk abin da ka sani da wanda ka manta. Allah ya yi maka albarka, Idrisu. Da na gama faɗa Inna ta ce, "Oho, sai yanzu da mijin nawa zai tafi ya bar ni za a sa masa albarka? To a ƙara da tawa, ko ya tuna ya aiko mini da goro."

Ga abin da na yanke, kuma ba shawara nake nema ba. Duk Juma'a bayan la'asar zan kira ka, ni da kaina, ba ta bakin Saude ba. Zan tambaye ka barci, zan tambaye ka zuciya, zan tambaye ka ko ta taso maka a makon. Ka ba ni amsar gaskiya ko ba ta da daɗi. In ta taso maka ranar Talata kada ka jira Juma'a. In kuma Allah ya ƙaddara ka zame, wanda ba na fata, kada ka gudu tasha, kada ka kashe waya. Ka kira ni ka ce, "Yaya, na zame." Na yi maka alkawari tsakanina da Allah ba za ka ji baƙar magana ba. Abin da za ka ji shi ne, shigo mota, mu haɗu a asibiti. In na kira Juma'a biyu a jere ba ka ɗauka ba, zan taho. Ta wannan hanyar ban taɓa wuce Tudun Wada ba a rayuwata, amma na riga na tambayi inda ake canjin mota da inda ake sauka, babanku kuma ya ba ni izini tun yanzu.

Allah ya tsare gabanka da bayanka. Ya tsare ka daga rami da ƙarfe da mugun aboki. Ya sanyaya maka zuciya, ya ba ka barci mai daɗi, ya sa albarka a hannunka, ya jiƙan Nasiru ya haɗa mu da shi a gidan rahama. Ka gaishe da Sale da iyalinsa. Babanku da Inna da Saude suna yi maka fatan alheri.

In ka gama karantawa ka kira ni. Ba sai ka ce komai a kan takardar ba in ka ji nauyi, na san yadda nauyin yake. Ka ce mini dai ka sauka. Wayar tana ɗaure a bakin zanena, ina jira.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
Hajara